Yadda Saƙon Mutanen Kurayyat Ya Kai Ni Kujerar Gaba

Ban taɓa sanin ana ba mutum maki don ya zauna ba sai da autata ta faɗa mini. Ni makin da na sani shi ne na ajin yaƙi da jahilci, wanda na shiga da girmana, da goyo a baya, inda malama ke zagaye shi da jan biro in ka rubuta layi bai karkace ba. Wancan sai ka yi gumi. Na jirgin sama kuwa, in ji auta, zama kawai za ka yi, ka ɗaure cikinka da bel, a kawo maka shinkafa, kafin ka sauka an rubuta maka.

A Kurayyat muke zaune, kudancin Jidda, ni da maigidana da ita autar. Shi direba ne a wurin kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa, a kan iƙamarsa muke, takardarsa ta izinin zama. Ni kuma 'yar sana'ata abaya ce da turaren wuta. In saro a kasuwar Balad in kai Kano, in dawo da daddawa da kuka da yaji don masu kewar miyar gida. Na daɗe ina wannan zirga-zirga, kuma auta ce ke yankar mini tikiti a wayarta. A nan aka haife ta, tana aiki a wani kantin magani, Hausarta rabi Larabci ce. Ashe tun tuni ta buɗe mini rajista a kamfanin jirgin, duk tafiya tana saka lambata, ba ta faɗa ba.

Wata la'asar ina ninke abayoyi ta shigo tana dariya, ta miƙo mini waya.

"Ummi, mabruk. Kin zama zinariya."

Na ce, "Ni da ko ɗan kunnen kirki ba ni da shi?"

"Katinki, ya'ni. Ya koma ruwan zinariya. Daga yau kina da shanta guda balash."

Shanta ita ce jaka, balash kuma kyauta, wannan na sani. Abin da ban gane ba shi ne dalili. Ta zauna ta yi mini bayani a hankali: duk nisan da jirgi ya yi da ni ana mayar da shi maki, makin yana taruwa, kuma ana sayen abubuwa da shi. Tikiti, ko ƙarin kaya, ko kujerar gaba, wadda ke bayan labule, inda nake ganin ƙafafun mutane a miƙe in muna wucewa. Ta nuna mini lambar. Na sa yatsa na karanta ta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mini. Ta yi tsawo har sai da na sake farowa.

Daga ranar na zama wata iri. Da safe in ce, "Auta, buɗe mini in gani." Ta ce, "Ummi, ba ya ƙaruwa da kansa, ba kaza ba ce da za ta yi ƙwai." In ce na sani, buɗe dai. Na daina hawa kowane jirgi sai nasu. Akwai tafiyar da na zaɓi wanda ke ya da zango a wata ƙasa, na wuni a kan benci ƙafafuna suka kumbura, saboda auta ta ce doguwar hanya ta fi maki. Maigida ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin wanda ke murna an tsawaita masa hanya ba. Ya fara kirana Hajiya mai maki. In na zuba masa abinci ya ce, "Wannan da maki zan biya ko da addu'a?"

Ba kuma don in sayi wani abu nake tarawa ba. Ina son ganinsa ne kawai, kamar kwanukan da ke cikin kabad, waɗanda ba a cin abinci a cikinsu. Auta ta sha gaya mini makin yana mutuwa in an bar shi ya daɗe, in hau kujerar gaba ko sau ɗaya. Na ce Allah ya kiyaye. Ta ƙofar gaba kowa ke shiga. Jirgin Kano ba ya rasa mutanen unguwarmu, dattawa da malamai da sa'o'in uwata. Su zo su wuce ni ina kishingiɗe da kofin lemo? Da wane ido?

Ana nan sai yayata ta bugo daga Kano. Ita ce ta riƙe babbar 'yata tun tana ƙarama, ita ta aurar da ita. Ta ce yarinyar watanta ya kusa, ta dawo gidanta goyon ciki, in shirya in zo jego.

Dole in tsaya a nan in faɗi wani abu, don yaran yanzu ba duka suka san shi ba. 'Yar fari ce. Mu yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. In an ce ba shi da lafiya sai ki kau da kai ki tambayi kuɗin tumatir. Ba rashin so ba ne, kunya ce, kuma ta shiga jikina tun kafin in san dalilinta. Da yayata ta gama magana, abin da na ce kawai shi ne, "To, Allah ya raba lafiya. Yaya zafi a can?" Na ajiye waya na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi 'yar rawa ni kaɗai a gaban fanka.

Sai na fara sayayya a ɓoye. In na je Balad saro abaya, sai in ratse layin kayan jarirai kamar hanya ce ta bi da ni. Tawul masu laushi, 'yan riguna, babban filas na ruwan zafi, man habbatus sauda, dabinon ajwa wanda za a tauna a sa wa jariri a baki. Sai kuma abin da ya fi komai shiga raina: wani gadon jariri mai naɗewa, da gidan sauronsa a jiki, ruwan ganye. Sau da yawa ina zuwa in taɓa shi in tafi, har mai kantin ya ce, "Ya Hajja, ko ki saya ko ki ba shi suna." Na saya. Duk na zuba su a jaka guda na tura ƙarƙashin gadona. Jakar kyauta ta katin zinariya, na ce a raina, ta wannan ce. Ba za ta taɓa kayan sana'a ba, ba za ta taɓa na kowa ba.

Da na yi shiru da bakina da shi ke nan.

Ana saura 'yan kwanaki tafiya aka yi suna a unguwar Madain Fahd, gidan wasu 'yan uwanmu. Mata cike da falo, ana shan shayi, hira ta kai kan tsadar awon kaya a filin jirgi. Kowa na kuka. Ni da ba na magana a taro, ban san abin da ya taɓa ni ba. Murna ce ta yi mini yawa, ta rasa ƙofar fita, tunda ba zan iya cewa zan yi jika ba. Sai ta fita ta wata ƙofar. Na buɗe jakar hannu, na zaro katin, na ɗaga.

"Ni yanzu jaka guda kyauta suke ba ni."

Katin ya zaga hannu-hannu, har wata ta goga shi a zaninta ta gani ko zai goge. Maƙwabciyata, wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan wadda muke kira Khala, ta kalle ni ta saman tabaranta ta ce, "Ƙanwata, kin san abin da kika yi kuwa?" Na ce me na yi? Ta ce, "Gobe za ki sani."

Washegari kafin hantsi aka fara sallama.

Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane nauyin saƙo ba. A unguwarmu akwai waɗanda suka zo umara suka zauna, ba takarda. In suka fita ba dawowa, don haka ba sa fita. Wata 'ya'yanta sun yi aure ba ta gani ba, wani mahaifiyarsa ta tsufa a bayansa. Hannun mai tafiya shi ne hannunsu. In irin wannan ta zo da ƙulli ta durƙusa ta ce, "Yaya, akwai ɗan wuri?" ba a cewa babu, balle an ji da kunne cewa akwai jaka guda da ba a biya ba.

Amsar gaskiya gajeriya ce: jakar ta cika, kayan 'yata ne. Kowace mace a cikinsu da ta ji haka za ta ɗauke ƙullinta ta yi mini addu'a. Sau da dama maganar ta zo har bakina. Sai in ji kaina ina cewa, "Kawo, Allah ya sa a dace."

Aka kawo. Wata mai sayar da gyaɗa a bakin masallaci ta kawo bargo mai nauyin ɗan maraƙi, na tsohuwarta. Wani tela ya kawo kan keken ɗinki, ya ce ai kai ne kawai, ba ƙafafu. Dardumai, gwangwanayen halawa, tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, takalman makaranta an ɗaure su da igiya, injin markaɗe. Wani tsoho mai gadi a Ruwais ya hau mota tun daga can ya kawo agogon bango mai kiran salla, na masallacin ƙauyensu, ya roƙe ni kada a sa shi cikin kaya ya fashe, in riƙe a hannu. Maigida ya dawo daga aiki ya tsaya a bakin ƙofa, ya leƙa, ya koma waje ya duba lambar gidan.

"Na ɗauka kwastan na shigo," in ji shi.

Ranar jajiberin tafiya, bayan azahar, muka ɗauko sikelin banɗaki. Yadda muke awo shi ne maigida ya hau shi kaɗai, sannan ya hau rungume da jaka, auta ta tsuguna ta karanta ta cire. Yana hawa yana nishi yana cewa a rubuta masa nasa makin. Muna ta dariya har aka gama, sannan dariyar ta tsaya. Na riga na ajiye rabin abayoyina, duk da haka kaya sun haura abin da aka yarje mini nesa ba kusa ba. Abin da ya fi jaka guda cur dole ya zauna.

Na shiga ɗaki na jawo ta ƙarƙashin gado, na zuge, na fara fito da gadon jaririn. Na ce a raina ai ana haihuwa a Kano ba gado mai naɗewa, mu ma a tabarma aka shimfiɗe mu.

Auta ta biyo ni. Ba ta taɓa ganin kayan ba. Ta ɗaga 'yar riga ɗaya, ta kalle ni.

"Ummi, na jaririn Yaya ne? Duk wannan? Kuma shi za ki bari saboda makinar ɗinkin wani?"

Na ce ta rage murya.

"Ki faɗa musu, bas. Kalma ɗaya. Ko ni in fita in faɗa."

"Ba za ki faɗa ba."

"Lesh? Don me? 'Yarki ce, ba sata kika yi ba."

Khala ta shigo ana haka, ta zo karɓar aron turmi. Ta dubi gadon, ta dubi fuskata, ba ta tambayi na wane ne ba. Ita ma ɗanta na fari yana da furfura yanzu, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ta ce wa auta, "Ke 'yar Jidda, bar uwarki. Abin da ba za ta iya faɗa ba ba za ta iya ba. Ke da kika iya latse-latse, latsa mana mafita."

Auta ta zauna a bakin gado tana huci tana latsa waya. Can kuma ta fara murmushi, irin wanda ban yarda da shi ba.

"In na sayi ƙarin shanta da maki, guda za a ba mu, kuma ba za ta isa ba. Amma masu kujerar gaba, kowace shantarsu an yarda ta fi ta baya nauyi. Ga kuma ta zinariya a kai. In Ummi ta hau gaba, komai zai shiga. Har bargon."

Na ce, "Makin nawa zai ci?"

"Kullu. Duka."

Na dubi wayar. Doguwar lambata, wadda nake karantawa da yatsa kowace safiya. Sannan ga labulen nan, ga dattawan unguwa suna wucewa. Na ce ni dai a nemi wata hanya, mace kamar ni a gaba, a ce na zama me?

Khala ta gyara zama. "Wa ya ce ke za ki hau gaba? Bargon mai gyaɗa ne zai hau, da keken tela, da agogon masallaci. Ke rakiya za ki yi musu. Ko so kike amanar mutane ta tafi ba mai kula?"

Maigida daga falo ya ce wannan fatawa ta yi, shi ya karɓa.

Na dubi gadon ruwan ganye a kan cinyata. Na ce wa auta, "Latsa." Ta ce, "Halas?" Na ce halas, an gama. Ta juyo mini da wayar. Lambar ta koma 'yar guntuwa, ko yatsa ba ta buƙata. Na mayar da gadon cikin jakarsa na zuge, sai dariya ta kama ni, har da hawaye, Khala na dukan bayana tana cewa in yi a hankali kada in shaƙe kafin in ga gaban jirgi.

Washegari a filin jirgi, layin da auta ta nuna mini ba kowa a kansa, har da jan kafet. Na tsaya a bakinsa ina neman inda zan cire takalmi. Ma'aikacin ya ɗora jakunkuna ɗaya bayan ɗaya, ina kallon fuskarsa ina karanta duk addu'ar da na iya. Da ya zo kan ta ƙarshe, ta ƙarƙashin gado, ya liƙa mata takarda ya tura, na bi ta da ido har ta shige ramin. Daga nan jikina ya saki, kamar an sauke mini tulu.

Kujerar kuwa ɗaki ce. Na zauna a bakin-bakinta, agogon masallaci a cikin leda a kan cinyata, har sai da ma'aikaciyar jirgin ta lallashe ni ta sa shi a akwatin sama. Da mutane suka fara shigowa na ja mayafi na rufe fuska, na bar ido ɗaya. Ban tsira ba. Wata tsohuwa 'yar layinmu ta gane takalmina. Ta tsaya ta ce, "Hajiya, ke ce?" Na ce daga cikin mayafi, "Rakiyar kaya nake, Inna." Ta ce, "To Allah ya ba mu irin wannan rakiya," ta wuce tana faɗa wa na bayanta, na bayanta na faɗa wa na bayansa. Kowa ya zo sai ya gaishe ni. Wani malami har ya ɗaga mini hannu ya ce in yi musu addu'a tunda na fi su kusa da direba.

Bayan an tashi, an ja labule, na dubi dama da hagu na taɓa maɓalli ɗaya. Kujera ta fara tafiya da ni. Ƙafafuna suka ɗaga, bayana ya kwanta, na tsinci kaina a miƙe a sararin sama kamar a gadona. Na toshe baki da mayafi ina ta ƙyalƙyala. Na tashe ta, na sake kwantar da ita. Na sake. Ma'aikaciyar ta zo ta tambaya ko akwai matsala, na ce babu, 'yata, gwadawa nake. Aka kawo abinci a faranti na gaske, da cokali mai nauyi. Dambun naman da na ƙullo don ko-ta-kwana na ba ma'aikaciyar, ta kai wa abokan aikinta.

Barci ya fara ɗaukata ke nan, gaban jirgi ya yi shiru, manyan mutane duk sun rufe ido, sai kiran salla ya tashi daga saman kaina, da ƙarfinsa. Agogon ne, lokacin la'asar ɗin Jidda ya yi. Alhajin da ke gefena ya zabura yana salati yana laluben hularsa. Ba wanda ya san inda ake kashe shi, ni ma ban sani ba, tsohon bai nuna mini ba. Haka muka zauna muka saurare shi har ƙarshe, wasu na amsawa. Da ya gama alhajin ya ce, "Hajiya, ladaninki ne?" Na ce saƙo ne.

A Kano kwanaki na yi ina rabon amana. Tsohuwar mai gyaɗa ta rungume bargon nan cikin zafin rana ta ƙi saki. Mutanen ƙauyen mai gadi su uku suka zo ɗaukar agogo.

Yarinyar ta sauka lafiya, mace aka samu. Ranar da aka dawo da su daga asibiti gidan yayata, na jira har ɗakin ya rage mutane, na shigo da jakar, na buɗe gadon a gefen katifarta, na ɗaura gidan sauron. Ban kalle ta ba, ina ta gyaran kusurwar da ba ta buƙatar gyara. Yayata ta ɗauki jaririyar ta kwantar a ciki. Ta yi daidai, har da sauran wuri.

Mai jegon ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Inna, wannan fa daga ina?"

Na ce, "Saƙo ne. Wata ce a Kurayyat ta bayar a kawo."

Yayata ta juya baya, tana danne dariya.

"Wace ce?"

"Ba ki san ta ba sosai."

Ta sa hannu ta shafa gefen gadon, ta ce, "In kin koma ki gaishe ta. Ki ce mata ya yi kyau, kuma na gode."

Na ce zan faɗa mata. Na fita duba ruwan wanka, wanda na san bai tafasa ba.